Na Hana A Tsayar Da Kyamara

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru ni 'yar fim ce da ake gane fuskarta ko'ina a cikin garin Bauchi. A Ƙofar Dumi aka haife ni, mahaifina maɗinkin manyan riguna ne. Na fara wasan kwaikwayo tun ina sakandare, daga nan na shiga na rediyo, bayan aurena ya mutu kuma na faɗa fim gaba ɗaya. Na yi shekara goma sha biyu ina fitowa, yau ina Jos gobe ina Kano, har na gaji da a ce mini tsaya nan, kalli can, yi kuka. Na so in zama ni ce mai ba da umarni. Da na faɗi haka, maza da yawa a cikin sana'ar suka yi dariya, wai mace ba ta iya riƙe ma'aikata talatin a cikin rana. Wannan dariyar ta zauna mini a rai, ta sa na zama mace mai tsauri, ba na son jin uzuri daga bakin kowa.

Akwai wani dattijo da zan kira shi Baba, don haka nake kiransa. Kirista ne daga kudancin jiharmu, tsohon malamin firamare, ya yi ritaya ya gina ɗan gidansa a Tirwun. Ya fito a matsayin mahaifina a finafinai da yawa, har wasu a kasuwa suka ɗauka shi ya haife ni. Shi ya koya mini yadda ake tsayuwa gaban kyamara ba tare da an ƙame ba. Idan yana wasa Hausarsa tas take fita, amma idan ya gaji muna hira sai ya riƙa ce mini "kai" maimakon "ke", in yi ta tsokanarsa. Lokacin da mahaifina ya yi shekara biyu ba ya amsa gaisuwata saboda fim, Baba ne ya hau acaɓa ya je ya same shi a shago, ya zauna a kan benci har la'asar. Ban san abin da suka tattauna ba, amma washegari da na gaida mahaifina ya amsa. Matar Baba ina ce mata Mama, 'yarsu guda ɗaya kuma, wadda ma'aikaciyar jinya ce, tana ce mini Yaya.

Da na samu damar shirya fim ɗina na farko, ban yi tunanin kowa ba sai shi. Labarin wani tsohon manomi ne da sabbin gidaje suka kewaye gonarsa, ɗansa ya sayar da ita a ɓoye. Akwai wurin da tsohon zai ji labari, ya shiga cikin dawarsa yana tafiya shi kaɗai, sai ya yanke jiki ya faɗi. Mun samu aron wata gona a Inkil, dawa ta nuna ta sunkuyar da kai, mai gonar kuma ya gaya mana washegari da safe zai sa a fara girbi. Wato rana ɗaya muke da ita. Da safen ranar Mama ta kira ni ta ce Baba bai yi barci sosai ba, in taimaka in tuna masa ya sha maganinsa na hawan jini bayan ya ci abinci. Na ce to. Ina ajiye wayar na manta.

Baba ya iso a makare, bayan azahar, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya ja ni gefe ya ce tun safe yake jin nauyi a ƙirjinsa, kamar an ɗora masa dutse, yana zaton gyambon cikinsa ne ya motsa, ko za a iya barin nasa sai gobe. Na ce masa gobe babu dawa. Na ce kowa a nan ya gaji, ni ma ban karya ba, kuma idan shi da yake ubana ya fara kawo uzuri me zan ce wa sauran. A gaban mutane na ƙarasa maganar, da ƙarfi, don ina so su ji. Ya yi murmushi ya ce to, darakta ta yi magana. Ya sa rigar manomin ya shiga gona.

Sau huɗu muka ɗauka. Duk sun yi kyau, amma ni ban gamsu ba, ina ganin faɗuwar tasa ta yi kama da wasa. Kowane karo sai ya tashi ya kakkaɓe jikinsa ya koma farkon kunya. Bayan na huɗun ya nemi ruwa, na ce ya bari mu yi na ƙarshe, rana na shirin sauka. A na biyar ya taho a hankali, ya tsaya a inda ba mu tsara ba, ya dafe ƙirji, gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya kife a kan kafaɗarsa. Mai ɗaukar hoto ya ɗago kai ya dube ni. A wurin aikin fim babu mai motsi sai darakta ya ce "kot", wato a tsaya. Na ɗaga masa hannu alamar ya ci gaba, na raɗa masa ya matsa kusa da fuskar. A ɗan allon da nake kallo na ga bakin Baba yana motsi, na ga ya miƙo hannu wajen da nake tsaye, yatsunsa suna buɗewa suna rufewa. Abin da ya zo mini a rai shi ne, yau na samu abin da nake nema. Sai da hannun ya sauka ƙasa, na ƙara jira kaɗan, sannan na tsayar. Ma'aikata suka tafa masa. Bai tashi ba.

A motar da ke ɗaukar kayan aikinmu muka kai shi asibiti, kansa a kan cinyata, ƙasa da ganyen dawa a gashinsa. Likita bai daɗe a kansa ba ya fito ya ce sai haƙuri. Abin da na fi tunawa shi ne takalminsa ƙafa ɗaya ce kawai a ƙafarsa, na yi ta tunanin inda ɗayar ta faɗi. Ban yi kuka ba. Ban ji komai ba, kamar an zare mini wani abu a ciki an bar jikin yana tsaye. Da 'yarsa ta iso cikin kayan aikinta, ta tambaye ni ko an daɗe tsakanin faɗuwarsa da ɗaukarsa. Na ce yana faɗuwa muka ɗauke shi. Mai ɗaukar hoton yana tsaye a bayana, bai ce uffan ba, har yau kuma bai ce ba.

A ƙauyensu aka binne shi. Na je, na zauna a bencin baya a cocin, mata suna waƙa da yarensu. Mutane suna nuna ni suna cewa ga 'yarsa ta fim can, tsabar kaɗuwa ta hana ta kuka. Mama ta riƙe hannuna ta ce kada in damu, ya tafi yana aikin da yake so, kuma a hannun 'yarsa. Na gyaɗa mata kai.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da zan iya ce wa kaina kuskure ne. Bayan wata biyu muka zauna tace fim ɗin. Mai tacewar ya tambaye ni wanne za a sa daga cikin biyar ɗin, ya ce shi a ganinsa na ukun ya wadatar. Na sa ya kunna mini na biyar. Na kalla daga farko har ƙarshe, ina shan shayi. Na ce shi za a sa. Ya juyo ya dube ni na ɗan lokaci, ya juya ya ci gaba da aikinsa. Na gaya wa kaina karramawa ce ga Baba, aikinsa na ƙarshe ne bai kamata a jefar ba. Gaskiyar ita ce ya fi sauran kyau, ni kuma ina so a ce na iya. Aka kuwa ce. Fim ya fita, mutane suka yanko wannan wurin suna tura wa juna a waya, ana cewa ba a taɓa ganin wasa irin wannan ba. Waɗanda suka yi mini dariya suka fara kirana aiki. Aka yi ta gayyatata hira, ni kuma ina cewa Baba mutum ne da yake ba aikinsa duk abin da yake da shi. Bakina ne yake faɗi, ni ina gefe ina sauraro.

Wata Talata da hantsi 'yarsa ta zo ofishina. Ba ta zauna ba. Ta ajiye wayarta a kan tebur, hoton fuskar mahaifinta a tsaye a kai. Ba ta kira ni Yaya ba.

"Hajiya, wannan ba wasa yake yi ba, ko?"

Na ce ba wasa ba ne.

"Minti nawa?"

Na ce ya kusa uku.

Ta ce tun kallon farko ta gane, daga launin leɓensa da yadda yake jan numfashi, don ta sha ganin irinsa a ɗakin marasa lafiya, amma ta yi mako uku tana roƙon Allah ya sa idonta ne. Ta ce ba za ta ce mini da an ɗauke shi da wuri da ya rayu ba, wannan babu likitan da zai iya faɗa. Abin da ta sani shi ne hannun nan da ya miƙa ni yake kira. Sannan ta ce mahaifiyarta kullum sai ta kalli wannan wurin, tana nuna wa baƙi tana cewa ku ga gwanintar mijina. Ta nemi abu uku a wurina: in cire shi daga fim ɗin, kada in taɓa gaya wa Mama, kuma kada in sake taka ƙafa gidansu. Muryarta ba ta tashi ba ko sau ɗaya. Ta ɗauki wayarta ta fita, ta ja mini ƙofa a hankali.

Na cire shi a ranar, amma ya riga ya shiga wayoyin da ba ni da iko da su. Na ƙara yin aiki biyu bayan nan, na ga ba zan iya ba. Ɗan wasa na yin tari sai in tsayar da komai, ma'aikata su yi ta kallona. Na sallami kowa na rufe ofis. Yanzu atamfa nake sarowa ina sayarwa daga gida. Ina ci, ina salla, ina zuwa biki, in an yi abin dariya in yi dariya, amma komai daga nesa yake zuwa mini, kamar hayaniyar maƙwabta ta bayan katanga. Na je wurin wani malami na gaya masa komai. Ya ce in tuba, in kuma nemi gafarar iyalinsa. Na ce ɗaya ta sani ba ta yafe ba, ɗayar kuma an hana ni gaya mata. Ya ce to in ci gaba da istigfari, kada kuma in karya alkawarin da na ɗauka don kawai in sauke wa kaina nauyi.

Watan da ya wuce na gamu da Mama a wani shagon magani. Ta tsufa, tana dogara sanda. Ta rungume ni ta ce 'yata kin yar da mu, ko don babanki ba ya nan. Na ce hidima ce ta yi yawa. Ta ce wayarta ta faɗa ruwa, hoton Baba na cikin gona ya tafi, in taimaka in tura mata a sabuwar. Na ce ba ya wurina. Ta ce ba komai, za ta sa a nemo mata wajen maƙwabta, ai kowa yana da shi. Na tare mata Keke Napep, na taimaka mata ta hau, ta yi ta sa mini albarka har suka ja.

Ban rubuto don a tausaya mini ba, kuma ba ina cewa fim mugun aiki ba ne, ya rufa mini asiri shekaru da yawa. Na rubuto ne saboda duk wanda mutane ke aiki a ƙarƙashinsa, ko a fim, ko a shago, ko a gona, ko a ofis. Idan mutum ya ce maka jikinsa ba daidai ba, ka yarda da shi, ko da ya saba yi maka ƙarya, balle wanda bai taɓa yi ba. Waɗanda suka fi son ka su ne ba za su yi maka musu ba, za su ce to su tashi su yi, don kada ka ji kunya a gaban mutane. 'Yan'uwana mata kuma da ke son nuna cewa sun iya, ku nuna, amma ku lura da wanda kuke takawa. Ni na san wani abu ba daidai ba tun lokacin da mai ɗaukar hoto ya ɗago ya dube ni. Kalma ɗaya ce ake bukata, ni kaɗai ce a gonar nan nake da ikon faɗinta, kuma ban faɗa ba sai da hannunsa ya sauka.