Kawu Sakiusa, Kabarin Farko a Kan Tudu

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, Allah Ya yi wa Kawu Sakiusa rasuwa a ƙauyenmu na Vunikoro, bayan gajeriyar jinya. Kawu, ka tafi a lokacin da muka fi bukatar taurin kanka.

Kai ne ka riƙa kafa turke duk shekara a inda teku ya tsaya, har turakun suka iso bayan coci. Kai ne ka tara mata da masunta a zauren taro, kowa ya faɗi inda yake son rijiya da inda za a ɗaure jiragen ruwa idan ƙauyen ya koma kan tudu. Ka sa muka dasa itatuwan tiri, masu tsirowa cikin ruwan gishiri, don su riƙe gaɓa. Da ruwa ya cinye gonar rogon mahaifiyata, rabin taka ka yanka mata, ba ka jira godiya ba.

Abu ɗaya ya gagare ka. A wurinmu ba a tashi a bar kaburburan kakanni, su kuwa suna bakin ruwa. Na tuna ranar da tsoho Ilaitia, mai unguwarmu, ya ajiye ƙoƙon kava, abin shanmu na gargajiya, ya dube ka.

"Sakiusa, wa za mu bar wa iyayenmu? Ƙaguwa?"

Ka ce, "To Yaya, in na mutu ku kai ni tudu. Sai ku samu kabarin da za ku yi gadi a can."

Aka yi dariya, har da ni.

Da ka rasu, dattawa suka ce al'ada ce a kwantar da mutum kusa da mahaifinsa. Raina ya ɓaci, amma ban isa in yi magana ba. Masu haƙa ba su kai gwiwa ba ruwa ya ɓulɓulo. Suka matsa gaba, nan ma haka. Ilaitia ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya ji gishirin teku. Kowa ya gane a cikin me iyayenmu suke kwance.

Da yamma muka hau tudu da kai.

Har yau ba a yanke shawarar tashi ba, Kawu. Babbar cikar teku na tafe da sabon wata, kuma turkenka na bana ya riga ya nutse. Ina jin tsoro. Matarka Gwaggo Unaisi kaɗai ta ɗaure tabarminta, ta ce ba ta taɓa barin ka ka kwana kai kaɗai ba, ba kuma yanzu za ta fara ba.

Ina miƙa ta'aziyya gare ta, da 'ya'yanku, da dukan dangi. Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya ba ka hutu a busasshiyar ƙasa. Mu kuma Ya ba mu ikon hawowa wurinka da ƙafafunmu, kafin ruwa ya koro mu.