Ruwan Gulbi a Ƙyauren Ɗanmusa

Ɗanmusa mai fenti ya rasu a Bagudo a daminar bara, yana da shekara sittin da 'yan kai. Duk wanda ya ratsa unguwarmu ya ga aikinsa ko da bai san sunansa ba, domin shi ya shafe bangon masallacinmu, da shagunan bakin tasha, da azuzuwan makarantar da na koyar. A ƙetaren iyaka ya koyi sana'ar, wajen wani mutumin Dendi a Malanbil, kuma ya dawo gida da launuka biyu waɗanda ya fifita a kan sauran.

Na farko shi ne wanda yake kira ruwan yashi, wato ruwan ƙasa mai haske, irin na busasshen rairayin bakin kogi. Shi yake shafa wa bango. Yakan ce wannan launi ba ya kiran kowa, ba ya korar kowa, ƙasa ce kawai ta miƙe tsaye. Na biyu kuwa da hannunsa yake haɗa shi: ya zuba shuɗi, ya ɗiga tsanwa, ya sassauta su da fari, har sai ya yi kama da kogin Kwara a tsakiyar rani, lokacin da ruwa ya kwanta sama ta bayyana a cikinsa. Wannan yake kira ruwan gulbi, kuma ƙyaure da taga kaɗai yake shafa wa. A ganinsa yana sanyaya ido a lokacin zafi, sannan yana kiran mutum tun daga nesa.

Mun sha yin gardama a kan wannan suna. Nakan gaya masa cewa a Hausa akwai shuɗi, akwai tsanwa, amma babu launin da ake kira ruwan gulbi. Sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ku karanta launi kuka yi, ni ko dama shi nike yi."

Matarsa Barira tana sana'ar busasshen kifi da daddawa. Kowane mako takan hau babur zuwa Lolo, daga can ta shiga jirgin ruwa zuwa kasuwar Malanbil. Wata rana Ɗanmusa ya ga atamfa mai ainihin launin nan nasa, ya saya mata. Ita ce a jikinta ranar da jirginsu ya kife a kan hanyar dawowa, a shekarar da ruwa ya yi yawa har ya ci shinkafar fadama.

An tsamo wasu a ranar, ba a ga Barira ba. Washegari da safe Ɗanmusa ya zo zaurena, ya roƙe ni in rubuta kamanninta a takarda domin a rarraba wa ƙauyukan bakin ruwa, na wannan ɓangare da na ƙetare.

"Doguwa ce, baƙa, tana da wushirya," in ji shi. "Zanenta ruwan gulbi."

Na ɗaga alƙalami na ce, "Ɗanmusa, babu wanda zai gane wannan. Bari in rubuta shuɗi."

"Ba shuɗi ba ne, Malam."

"Shi ne mafi kusa."

Na rubuta shuɗi.

Bayan kwana uku aka bugo waya daga wani ƙauyen masunta na ƙetare. Sun sami gawar mace mai shuɗin zane, ruwa ya ɓata fuskarta, sun yi mata sutura sun binne ta da sunan Barira kamar yadda takarda ta nuna. Ɗanmusa ya tafi can, aka nuna masa zanen da suka ajiye. Shuɗi ne sosai, irin na bula. Ya ce ba na matarsa ba ne. A nan ne wani tsohon masunci ya ba shi labarin cewa an tsamo wata mace can ƙasa da su, amma masu tsamo ta sun ce zanenta tsanwa ne, kuma da yake babu takardar da ta nemi mai tsanwan zane, sun binne ta a bakin ruwa ba tare da suna ba. Kafin Ɗanmusa ya isa wurin, ruwa ya hau ya shafe kabarin.

Dangi sun yi sadakar uku da ta bakwai, suka watse. Shi kuwa da ya dawo, sai ya haɗa fenti ya shafe ƙyaurensa da ruwan gulbi, ya zagaya gidajen da ya taɓa yi wa wannan launi, ya rufe ƙyamarensu da ruwan yashi kyauta. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "An sa ta inda babu wanda ya kira sunanta. In ta taso neman gida, launin zanenta za ta bi. Ba ni son ta ga ƙohwa biyu."

Liman ya yi masa nasiha cewa wanda ya mutu ba ya dawowa. Ɗanmusa ya saurara da ladabi, ya yi godiya, bai canza komai ba. Shekara goma sha ɗaya yana sabunta ƙyauren nan a farkon kowane rani. Bai sake aure ba. Bai taɓa ambata mini zancen takardar ba, ko da wasa, kuma hakan ya fi mini nauyi fiye da a ce ya zage ni.

Ana nan sai Alhaji Namadi, wani mai fataucin albasa, ya gina sabon gida a ƙarshen layinmu, ta ɓangaren da ke fuskantar kogi. Ya ce shi ma irin ƙyauren Ɗanmusa yake so. Ɗanmusa ya ƙi.

"Kai, Ɗanmusa, launi gadon gidanku ne?" in ji Alhaji. "Ko rijista ka yi mishi a Birnin Kebbi?"

"Ranka shi daɗe, zaɓi wani. Ko ja kake so, in yi maka har da zanen fulawa."

"Wanga nike so."

Alhaji ya ɗauko wani mai fenti daga ƙetare ya yi masa, kuma mutumin ya iya haɗi ƙwarai.

Kwana huɗu bayan haka, da rana tsaka, maza suna gona ko kasuwa, layi ya yi tsit, Mashkura matar Alhaji ta ji sallama a ƙofa. Ita da kanta ta gaya wa maiɗakina abin da ya faru. Ta ce muryar mace ce, a dushe. Ta amsa, ta ce a shigo, ba a shigo ba. Da ta leƙa ta kafar ƙyaure, sai ta ga doguwar mace a tsaye ta ba ta baya, zanenta ya yi daidai da launin ƙyauren har da wuya a gane inda ɗaya ya ƙare. Ta ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Matar ta ce, "Mai gidan ya dama fenti?" Kafin Mashkura ta zare sakata, babu kowa a wurin. Dokin ƙofa kuwa ya jiƙe sharkaf, ga warin laka, alhali wata biyar ke nan ba a yi ruwan sama ba.

Ba zan ce na ga matar ba. Jiƙaƙƙen dokin ƙofar dai na gan shi da idona, domin hakan ya sake faruwa washegari, da kuma ranar da ta biyo baya.

A rana ta uku Alhaji Namadi ya je wajen Ɗanmusa da kansa. Babu barkwanci a wannan karon. Ɗanmusa ya ɗauki gwangwani da burushi ya bi shi. Ya yi wa ƙyauren shafi uku na ruwan yashi, ya ƙi karɓar ko kwabo. Da ya gama, ya juya wajen Mashkura, wadda ke tsaye a bayan labule, ya ce, "Hajiya, ta rame?"

"Ban ga huskarta ba, Baba."

Ya koma gida, ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya buɗe ƙyaurensa. Kwana shida bai je aiki ba.

A rana ta bakwai, bayan azahar, na bi ta ƙofarsa na same shi yana shafe ƙyauren da ruwan yashi. Na tsaya. Daga tsakiyar layi zuwa dokin ƙofa akwai sawun ƙafa a jiƙe, ba takalmi, duk sun fuskanci cikin gida. Na duba da kyau, ban ga na fitowa ba.

"Ɗanmusa, me ya sa?" na tambaya.

"Ta iso, Malam," in ji shi, bai daina shafa ba. "Yanzu kuma kada wata ta biyo launin. Akwai mai shuɗin zanen da aka binne da sunan da ba nata ba."

Ya ƙara rayuwa shekara huɗu bayan wannan rana, cikin natsuwar da ban taɓa gani a tare da shi ba. Maƙwabta sun ce kullum kwano biyu yake sayen tuwo. Bai ƙara haɗa launin nan ba har ya koma ga Allah.

Gidan a rufe yake yanzu, magada ba su yanke shawara a kansa ba. A daminar bana fentin ƙyauren ya fara ɓarewa daga ƙasa, na cikin yana bayyana. Ranar Talata na sayi ƙaramin gwangwani na ruwan yashi na rufe wurin da kaina. Da mai shagon ya tambaye ni wane launi nake son ɓoyewa, na ce masa ruwan gulbi.