Shinkafar Kafinta

Akwai wata safiya a fadamar garinmu da ba za ta taɓa fita raina ba. Garin ƙarami ne, tsakanin Gulma da Argungu, ba mu da abin tinƙaho sai shinkafa da albasa. A shekarun da aka samu 'yancin kai, ina sabon ango, wani kafinta Kirista daga ƙasar Jos ya zauna a cikinmu. Shi ke yi mana ƙofofi, har maigari ya ba shi aron gona.

Da kaka ta zo, sai ya faɗo daga kan rufin wani ɗaki ya karya ƙafa. Aka kai shi asibitin Birnin Kebbi, matarsa ta bi shi jinya. Shinkafarsa ta nuna har ta soma zuba, ga tsuntsaye suna sauka kamar hadari. Mu ma tamu tana jiran lauje.

Bayan sallar asuba maigari ya kawo maganar gayya a ƙofar masallaci. Wani dattijo ya ce, "Mu bar tamu mu yanke ta baƙo?" Sai wata tsohuwa mai sayar da koko a gindin tsamiya ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, wane ne ba baƙo ba a wanga gari? Kakanka cikin jirgin ruwa ya zo, da fartanya guda. Uwata ta ba shi tuwon farko." Dattijon ya yi dariya, ya ce, "Inna, kin gama da ni." Shi ya fara ɗauko laujensa.

Muka shiga laka har gwiwa, muna yanka, mata suna ɗaure dami. Kafin la'asar mun gama. Ranar tsuntsaye sun yi mini ɓarna a tawa gonar, ban kuwa ji zafi sosai ba.

Da kafinta ya dawo yana dogara sanda, ya leƙa rumbunsa ya gan shi cike. Ya daɗe tsaye, sannan ya juyo ya ce, "Wa zan gode wa?" Maigari ya ce, "Ka dai warke."

Yanzu da na tsufa na gane cewa ba ganuwa ke riƙe gari ba. Mutanen da ba su manta yadda aka karɓi kakanninsu ba, su ke riƙe shi.