Zaren Buhu a Ƙafar Ɗan Shamuwa

Ina jiran mota ta cika, idona yana kan mai facin taya na bakin tasha. Dattijo ne siriri, rigarsa ta sha baƙin mai. Ba taya ce a cinyarsa ba, ɗan shamuwa ne da ya faɗo daga sheƙa, zaren buhu ya nannaɗe masa ƙafa har ta kumbura.

Da guntuwar reza yake tsinka zaren ɗaya bayan ɗaya, yana hura wa wurin iska kamar mai cire wa jikansa ƙaya.  Ina jin tun yana saurayi yake wurin nan, lokacin da shamuwa ke sheƙa a bishiyar da kututturenta ya zama kujerarsa. Yanzu a saman dogon ƙarfen sabis suke yi, da leda da tarkacen bola.

"Baba, yau akwai nama ke nan?" in ji wani direba yana dariya.

"Wane nama, ɗan nan? Uwarsa ce ba ta bambance zare da ciyawa. Ni kuma ba ni da bakin gaya mata."

Bai rufe baki ba sai ga uwar ta gifta ta samanmu, wani dogon zaren yana reto a bakinta. Dattijon ya bi ta da kallo, reza a hannu. Can sama, sauran 'ya'yan suna miƙo wuya, suna murnar dawowarta.