Layin Yaya Sale a Gasar Iyo ta Jidda

Laraba: Yanbu zuwa Jidda

Na fito daga masaukin ma'aikata na Yanbu da ƙarfe huɗu da rabi na asuba. A jakata akwai tawul, da iƙama, wato katin zaman ƙasa, da takardar kafili, ubangidan aikina, mai ba ni izinin kwana uku a Jidda. A shekarun nan baƙo ba ya barin garin da yake aiki sai da wannan takarda. Wata biyu kafin nan, ranar da wana Yaya Sale ya rasu a Jidda, na nemi irinta, ba a buga mata hatimi ba sai washegari. Kafin in isa an rufe shi. Wannan karon tun saura mako guda na karɓe ta.

Mu mutanen Yawuri ne, a kogin Kwara muka koyi iyo. Aikin hajji ya kawo mu, muka zauna, har Allah ya sa muka sami aikin wanke kwamin iyo, shi a Jidda, ni daga baya a Yanbu. Duk shekara ana yin gasar iyo ta manya, ma'aikata da 'yan kasuwa da tsofaffin masunta daga sassan ƙasar. A ciki akwai iyon mutum huɗu: kowa ya je ya dawo ya taɓa bango, na gaba ya faɗa. Ana haɗa shekarun mutum huɗun ne a sa su a aji. Namu ajin na ɗari biyu ne, kuma shekarun Yaya hamsin da takwas ne suke kai mu can. Da ya kwanta ciwo ya aiko mini da saƙo ɗaya: ko yana nan ko ba ya nan, kada a bar layinmu babu kowa.

Na yi salla a tasha, muka tashi ƙarfe biyar da ashirin a tasi mai ɗaukar mutum biyar, riyal hamsin. Tsakaninmu da Jidda kilomita ɗari uku da 'yan kai, teku tana hannun dama. A shingen 'yan sanda kafin Rabig, wani askar, wato ɗan sanda, ya karanta takardata, ya tambaye ni abin da zan yi a Jidda. Na ce iyo. Ya dubi furfurar gemuna, ya ce, "Ya Hajji, duk tekun Yanbu ba ta ishe ka ba?" Ya miƙo mini takardar yana dariya. A Rabig muka karya da dafaffen waken ful da gurasa mai zafi da shayi. Ƙarfe tara da arba'in muka shiga Jidda.

Nuzla

Ƙaramar bas ta sauke ni a Nuzla, unguwar su Yaya. Lungun bai canza ba, har mai tsiren kusurwa yana nan, sai dai bencin da Yaya ke zama bayan la'asar an jingine shi da bango. Matarsa, Yaya Hajara, tana cikin takaba. Na yi mata gaisuwa daga bakin ƙofa. Ta turo mini tuwo da miyar kuɓewa, sannan ta turo wata leda. A ciki akwai wandon iyonsa mai kai wa gwiwa, wanda ita ta ɗinka masa, da farar hularsa ta roba. Ta ce ba ta san abin da za ta yi da su ba, ba irin kayan da ake sadaka da su ba ne.

Da la'asar na je maƙabarta. Mai gadi ya nuna mini sashen da aka rufe mutanen wancan watan. Ba a sa alama a nan. Na tsaya a gefen sashen na yi wa dukkansu addu'a.

Na sauka a ɗakin Mamman, mutumin Tawa, direban motar ruwa, ɗaya daga cikinmu huɗu. Shi bai taɓa ganin kogi ba sai da ya girma, Yaya ne ya koya masa iyo a bakin teku yana da shekara arba'in. Na ukunmu Abdulƙadir, haifaffen unguwar Hindawiyya ta Jidda, ya same mu bayan magariba. Muka haɗa shekarunmu mu uku, ɗari da arba'in da huɗu. Muna bukatar mutum mai hamsin da shida ko fiye, wanda ya iya iyo, kuma duk Hausawan Jidda da suka tambaya babu.

Abdulƙadir ya ce katin Yaya na gasa yana nan, ba a soke sunansa ba. "Akwai wani mai gadi a Bani Malik, dogo baƙi kamarsa. Idan ya sa hula ya shiga ruwa, min ya'rif, wa zai sani? Halas, shi ke nan, an cika masa wasiyya."

Raina ya so hakan. Amma na ce ba zan iya tsayawa a kira sunan Yaya a lasifika wani ya amsa ba. Mamman ya ce to sai mu je mu uku mu ga abin da Allah zai yi.

Alhamis: wurin gasa

Ƙarfe bakwai muka isa. Warin maganin ruwa ya tarbe mu tun daga ƙofa, da hayaniyar tsofaffi ana rungumar juna ana buga tumbi. Mutanen Dammam sun kawo dabinonsu kamar kullum, na Madina sun kawo na'ana'a don shayi. Kowa ya ganni sai ya dubi bayana yana neman Yaya, sai in faɗa. Na faɗa ya fi sau goma.

Na ƙarshe da na faɗa wa shi ne Ammu Sa'id, tsohon masunci daga Jizan, mai shekara sittin. Shekara tara shi da Yaya suke ƙarasa iyon mutum huɗu, kowa a ƙungiyarsa. Yaya ya ci huɗu, shi ya ci biyar. Yana kiran Yaya kifin kogi, don Yaya bai taɓa yarda ya koyi juyin da ake yi a ƙarƙashin ruwa ba. Sai ya dafa bango da hannu biyu, ya ɗago kai ya ce bismillah, sannan ya juya, kamar mai tura kwalekwale. Yaya kuma yana kiransa Banda, saboda ƙanjamewarsa, kuma na tabbata bai taɓa gaya masa ma'anar sunan ba. Ammu Sa'id ya taho da hannu a buɗe yana cewa ina kifin kogi ya ɓuya. Da na gaya masa sai ya zauna a kan bencin da ke jiƙe, da jallabiyarsa. Ya yi wa Yaya addu'a.

Da safe na yi iyon mutum ɗaya, na zo na uku a rukunina. Ban ji komai a raina ba. Bayan azahar muka je teburin alƙalai na roƙi a bar mu mu uku, ni in shiga sau biyu. Babbansu ya yi mana ta'aziyya da kyau, amma ya ce doka mutum huɗu ta ce. Layinmu, layi na huɗu, zai zauna haka nan.

Muna juyawa sai ga Ammu Sa'id da katinsa a hannu. Ya ce a rubuta shi. Alƙalin ya ce shi ɗan Jizan ne, idan ya shiga ƙungiyar Jidda za su yi iyo amma ba za a lissafa su ba, kuma ba zai yi wa Jizan ba. Mutanensa suka taso suna magana da ƙarfi, don su ake sa ran za su ci. Ammu Sa'id ya ce suna da mutum na biyar, a sa shi. Ya dube ni ya ce, "Ya Umar, shekara tara ina kallon layin nan daga gefe. Ba ni hularsa."

Mamman ya fara, Abdulƙadir ya bi. Ni na shiga da wandon Yaya, na ɗaure shi da kyau don ya yi mini yawa. Da na taɓa bango muna na uku. Ammu Sa'id ya wuce ta kaina, farar hula tana yanka ruwa. Ya kamo na biyu kafin ya kai can ƙarshe. Da ya isa bango sai ya dafa shi da hannu biyu, ya ɗago kai. Daga inda nake ban ji ba, amma na ga bakinsa. Kafin ya juya mutum uku sun wuce shi.

Mun zo na biyar cikin shida, ba a rubuta mu a allo ba. Dammam suka ci, Jizan na biyu da tazarar hannu guda. Da ya fito yana haki ya ce mini juyin nan na banza ne, bai san yadda wana ya ci shi sau huɗu da shi ba. Ya cire hular zai ba ni, na ce ya riƙe. Ya tambaye ni mene ne banda. Na gaya masa kifi ne da aka busar da hayaƙi. Ya yi dariya har ya shiga tari, sannan ya rufe fuskarsa da tawul ya daɗe.

Juma'a: komawa

Da safe na koma Nuzla na gaya wa Yaya Hajara ba a bar layin haka nan ba. Ta tambaya ko mun ci, na ce a'a. Ta ce shi ma ba kullum yake ci ba. Bayan sallar Juma'a Mamman ya kai ni tasha, muka tashi ƙarfe biyu da rabi. A shingen Rabig wani askar ne daban, bai tambaye ni komai ba. Ƙarfe bakwai saura kwata na isa Yanbu, takardata da sauran 'yan awoyi. Na shanya wandon a igiyar bayan ɗaki, don bai gama bushewa ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Mamman da Abdulƙadir, da Ammu Sa'id wanda ya bar tasa nasarar ya cika mana huɗu. Wanda ya karanta wannan a gida, ya sa Yaya Sale a addu'a.