Yadda Na Zama Idon Ammu Yusuf a Gadon Asibiti

Assalamu alaikum jama'a. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu cewa Kabiru ya samu Alƙahira ya manta da mutane, na yafe muku. A kwance nake.

Abin ya fara ne da tafin ƙafa, kamar tururuwa na yawo a ciki. Lokacin hunturu ne, sai abokan zamana a unguwar Hayyus Sabi' suka yanke hukunci: sanyi ne ya shige ni. Aka shafa man zafi, aka dafa citta da tafarnuwa, har ƙaho aka yi mini.

Ga babbar wautata. Da Auwalu, abokin ɗakina, ya kai ni wurin likita, aka tambaye ni yaya jiki, sai na ce Alhamdulillah, da sauƙi. Haka aka tarbiyyantar da mu. Likita ya ce tamam, ya rubuta bitamin, muka dawo. Alhali a ranar da ƙyar na saka takalmi.

Bayan kwana huɗu na tashi alwalar asuba, ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Na zube a bakin banɗaki.

A asibiti aka zuƙi ruwa daga ƙashin bayana, aka jona wa jijiyoyina lantarki. Likitar da ke can ta ce sunan ciwon Giyan-Bare, garkuwar jikina ce ke cin jijiyoyina. Ta dube ni ta ce, "Me ya sa ka ce da sauƙi?"

Ciwon ya hau har hannuwa. Kullum sai a ba ni wani bututu in hura, a ga ko ya kai ƙirji. Maganin ƙarin ruwan da aka yi mini na kwana biyar tsadarsa ta fi ƙarfina, 'yan'uwa ɗalibai ne suka haɗa.

Numfashi ya tsira. Amma likita ta ce ƙafafu ba ta yi alkawari ba. Wasu suna dawowa, wasu keken guragu ne har abada.

Wallahi na ji tsoro. Ƙuda zai sauka a hancina, ina kallonsa yana kallona. Sai an juya ni, sai an ba ni abinci a baki, sai an yi mini tsarki. Salla da ido nake yi. Na haddace duk wata tsaga da ke silin ɗin ɗakin nan.

A gadon kusa da ni akwai wani tsohon Bature ɗan Ostiriya, mai gyaran injinan buga littattafai. Ya daɗe a Masar har Larabcinsa ya fi nawa. Nas-nas suna ce masa Ammu Yusuf, wato baffa Yusuf. Ciwon suga ya cinye masa ido.

Wata Asabar ya ce, "Ya Shehu, idonka na aiki?" Na ce shi kaɗai ya rage. Ya ce, "Khalas, shi ke nan. Ni hannu, kai ido."

Ashe jikarsa Lena tana gasar wani wasa da ake kira luj. Mutum zai kishingiɗa a kan ɗan katako mai ƙafafun ƙarfe, ya gangaro daga kan dutse ta hanya mai kwana-kwana da ƙanƙara ta daskare a kai. Da linzami ake juya shi, birki kuwa ƙusoshin takalminsa ne. Na ce, "Ammu, wannan ai neman mutuwa ne da gangan." Ya yi dariya har da tari.

Duk ƙarshen mako sai ya laluba ya zo, ya riƙe waya saitin fuskata, ni kuma in karanta masa sakamako. Rabin lokaci bango yake nuna wa wayar. In ce sama kaɗan, hagu, haba Ammu! Ni da ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, na koma ina masifa don wata 'yar Italiya ta wuce Lena da ƙiftawar ido.

Sati shida muna haka. Hannuwana suka fara dawowa, ƙafafu shiru. Har na ce wa Auwalu ya fara tambayar kuɗin keke.

Ranar gasar ƙarshe aka nuna kai tsaye. Lena ta taho da gudu, ga wata muguwar kwana, ga katakon shinge a gabanta, ba ta da niyyar ragewa. Na ƙwala ihu da Hausa, "Ke, taka birki!"

Nas ɗin da ke canza mini zanin gado ta saki zanin. Ta ce, "Sake yi." Na ce me? Ta ce, "Babban yatsan ƙafarka ya motsa."

Ashe ni ma na taka.

Lena ta zo ta huɗu, ko lambar tagulla ba ta samu ba. Ammu yana ta tambaya, "Ta nawa? Ta nawa?" Ni kuwa kuka ya hana ni karantawa. Da nas ta gaya masa abin da ya faru, sai ya lalubo ƙafata ya riƙe, ya ce, "Yalla, sake, ina so in ji."

Na gode wa Allah. Na gode wa Auwalu da ya kwashe kashina bai taɓa yamutsa fuska ba, da ɗaliban da suka tsaya mini, da likitata, da Ammu Yusuf.

Shawarata: in ƙafa ta fara mutuwa tana hawa sama, ba sanyi ba ne, ku ruga asibiti a ranar. A gaban likita ku gode wa Allah, sannan ku faɗi gaskiyar abin da ke damunku. In kun je dubiya kuma, ku tafi wa mara lafiya da wani zancen ban da ciwonsa.

Yanzu da sanda nake tafiya. Gidanmu hawa na biyar ne, babu lif. Jiya na hau da ƙafafuna, na huta sau tara a hanya. Auwalu ya miƙo hannu, na ce ya matsa.