Gabar Yayata da Ubangiji

Cikin dukan hikimomin da ɗan Adam ya ƙago, tun daga garma har zuwa jirgin sama, ban san wadda ta kai gaba tsari ba. Yaƙi na neman makami, shari'a na neman lauya, ita kuwa gaba ba ta bukatar komai sai mutum biyu da gida ɗaya. Na daɗe ina koyarwa kafin in koma aikin ma'aikata a Abuja, na ga gabar ɗalibai, na ga ta daraktoci, duk wasan yara ne. Gwanar fannin yayata ce, domin ita da Ubangiji ta yi tata.

Mijinta katako yake sayarwa a Dei-Dei. Mutum ne mai fara'a, irin wanda in ya shigo coci a makare kowa sai ya sani, don layi-layi yake bi yana gaisawa. Ciwon ƙoda ya kama shi. Yaya ta yi azumi har ta rame, zumuntar mata ta taya ta, dattawa suka zo suka ɗora masa hannu. Ya ɗan farfaɗo, har ta miƙe ran Lahadi ta ba da shaida a gaban jama'a, aka rangaɗa guɗa. Kafin damina ta fita ya rasu.

Da aka share makoki na ɗauko ta ta dawo gidana a Karu. Ranar farko da muka zauna cin abinci na sunkuyar da kai ina jiran ta, domin tun muna yara ita ke addu'a, kuma takan yi har tuwo ya huce. Shiru. Na ɗago kai.

"Malam," ta ce, don haka take kirana in za ta sa ni aiki, "ka gaya masa an gode da abinci."

"Wa?"

"Ka san shi. Ba ma magana."

Matar da ta koya mini durƙuso ce, kuma ba yarinya ba ce. Tsorona kada sauran kwanakinta su ƙare ba ta da miji, ba ta da Allah. Amma da na lura sai na ga ba musunsa take yi ba, gaba ce bisa ƙa'ida. Ran Asabar takan je ta share coci ta goge benci, kamar matar da ke fushi da maigida amma ba za ta bar gidansa da datti ba. Ran Lahadi ta zauna a gida. Zanen zumunta ta ninke ta kai ƙasan akwati. Tulun da take bugawa in mata na waƙa, wanda ya saba da tafinta tun kafin in yi aure, ta mayar wa shugabar zumunta.

Ni kuwa na zama ɗan aike. "Ka gaya masa 'yata tana hanyar Abaji, ya lura da direban." "Ka gaya masa gwiwar ta yi sauƙi, amma kada ya ɗauka magana ta wuce."

Da yake ni mai karatu ne, na shiga kabad na kwaso hujjoji. Na yi mata bayanin faɗuwar ɗan Adam cikin zunubi, na kawo batun 'yancin zaɓi, na ƙare da cewa da wuta ake tace zinariya.

"Mijina katako yake sayarwa," ta ce. "Ka san abin da wuta ke yi wa katako."

Fasto ya zo, ya sha ruwa, ya gyara murya ya ce, "Mama, nufin Allah ne."

"Na sani, Baba Fasto. Ai shi ya sa da shi nake yi, ba da likita ba."

A cunkoson Nyanya, inda duk ma'aikacin Abuja ke yin karatun falsafarsa, wani tunani ya zo mini. Mutum ba ya gaba da baƙo. Kwandasta ya ɓata maka rai, ka zage shi ka sauka, shi ke nan. Wanda ka sa wa rai, wanda ka san yana ƙaunarka, shi kake juya wa baya kana kasa kunne ko zai kira ka. Na kuma tuna cewa Mai Ceto kansa a bisa gicciye ya tambayi dalilin da aka bar shi, kuma a wannan sa'ar ba a yi masa bayani ba. Na dawo gida da wannan kamar mai ɗauke da ƙwai, na ajiye a gabanta.

"Shi ai an tashe shi," ta ce.

"Naki ma za a tashe shi, Yaya."

"Na sani. Jiran ne ba a yi shawara da ni ba."

"To, me kike so?"

"Biko. Wanda ya ɓata shi ke zuwa."

Ban san ofishin da ake kai irin wannan buƙata ba, sai na tsegunta wa shugabar zumunta. Ta ce to, ba ta ƙara ba.

Wata Alhamis da yamma sai ga matan zumunta cikin zane iri ɗaya, suka cika falo har baranda. Ba wadda ta yi wa'azi. Suka gaishe ta, ta amsa a daƙile, suka ɗauki waƙa. Tulun Yaya yana cinyar wata mata da ban sani ba, kuma baiwar Allah nan bugunsa take kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ba kowa. Waƙa ta yi gabas, kiɗa ya yi yamma. Yaya ta kalli silin. Ƙafarta ta fara gyara kiɗan a ƙasa, ta danne ta da hannu. Ta jure baiti ɗaya, a na biyu haƙuri ya ƙare.

"Ke! Tulu ne ko wanki kike yi?"

"Mama, iya abin da na iya ke nan."

"Kawo nan kafin ki fasa mini shi."

Ta karɓa ta ɗora a cinya, kiɗa ya koma gidansa. Waƙar kuwa irin wadda ake fuskantar Ubangiji ce kai tsaye, kai ne, kai ne, ba ta hannun ɗan aike ba. Ban san lokacin da bakinta ya shiga ba. Tana bugu, tana rerawa, hawaye na ɗiga a kafaɗar tulu, ba wadda ta miƙa mata hankici.

Da muka zauna cin abinci na buɗe baki zan yi aikina, ta ɗaga mini hannu. Ta rufe ido ta ce, "Mun gode. Sauran maganar tana nan." Tuwo da zafinsa muka ci. Ran Lahadi ta ciro zanen daga akwati, ta sa ni guga.

Bayan sujada na tare shugabar zumunta a bakin ƙofa, na zuba mata abin da na gano: Allah ba ya aiko da bayani, da kansa yake zuwa biko, kuma dubi yadda ya zaɓi hannun da ya fi kowane rauni ya yi aikinsa. Tana saurarona tana tsayar da keke napep.

Daga baya na ji cewa matar nan da ta ɓata kiɗa ran Alhamis ita ke koya wa sauran ikilisiyoyin yankinmu bugun tulu. Sai da ta yi ta gwajin ɓata shi kafin su zo.